Rasuwar Talabijin Ɗin Bayan Kujera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Kawu Mai Yadi ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar tafiyarsa, 'yar talabijin ɗin nan ta bayan kujerar jirgin sama.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha dangwalar yatsu masu maiƙo, ba ta taɓa ɗaga murya ba, in ban da "shiiii" da take yi a kunnen hagu. Babban alherinta shi ne rufa wa Kawu asiri. Mutumin da ke cika baki a kasuwa wai shi a jirgi yake barci, ashe da an tashi tsoro ke kama shi. Sai ya ƙura mata ido, ya haɗe rai kamar mai bin labari, alhali ko sunan fim ɗin bai sani ba.

Ta yi fama da ciwon daskarewa, hoto ya tsaya cak, amma ba shi ne ajalinta ba. Kamfani ne ya ce nauyinta na shan mai. Aka cire ta, aka ce kowa ya kama wayifai na cikin jirgi ya yi kallo a wayarsa. Wayar Kawu kuwa mai maɓalli ce, kira da tocila kawai ta iya.

Bai ji labarin ba sai da ya zauna a jirgi, ga mijin 'yarsa a gefe, wanda ko ruwa Kawu ba ya sha a gabansa. Ya ɗaga ido, sai roba a gurbinta. Jirgi ya faɗa gajimare, ya yi wata girgiza. Kawu ya ce "Wayyo Inna!" ya cafke hannun surukin.

Yaron ya sunkuyar da kai, ya miƙo wayarsa. "Baba, ga fim."

"Wa ya ce maka tsoro nake ji?" in ji Kawu. Hannun dai bai saki ba har aka sauka.

Ta rasu ta bar ɗan teburin cin abinci, da abin saƙalawa a kunne wanda yanzu maraya ne, da takardar amai, wadda aiki ya ƙaru a kanta.

Kamfani bai ba da gawa ba, saboda haka babu jana'iza. Ana karɓar gaisuwa a tashar mota, inda Kawu ke jiran motar komawa gida ta cika. Ya ce garuruwa kawai yake son gani.