Ina Rahma Za Ta Kalla?

Jama'a, ku taya ni murna! Jiya aka kira ni makarantar su ɗiyata Rahma a nan Ƙaura. Na bar shagon facina a buɗe, na zura da gudu har silifa ta tsinke. Laifinta? Ta kalli mutum.

Rahma dai a Jangeru ta tashi, hannun kakarta Inno. Ita Inno in tana magana ka ɗaga ido, kafin ka ƙifta ludayi ya sauka a kanka. Da wannan tarbiyya yarinya ta shigo gari: babba na magana, kai ƙasa.

Ashe wani babban jami'in ilimi, Ranka Ya Daɗe Sarkin Taron Bita, ya je wata ƙasa mai sanyi, ya kwana bakwai a otal, ya dawo mana da littafin ladabtar da ɗalibai. Allah ya ƙara tafiye-tafiye! Littafin ya ce duk yaron da bai kalli malami cikin ido ba, taurin kai gare shi. Jan maki uku, kora.

Rahma ta kwashi biyu a sati guda. Malamar ajinsu, Malama Kulsumu, ta ja ni gefe: "Wallahi Malam Magaji, ni kaina ban iya haɗa ido da surukata. Amma takarda ce daga sama."

Shi ke nan, muka shiga atisaye. Maƙwabcina Mu'awiya mai shayi ya zama malami, ya maƙala gilashin aro, yana daka tsawa: "Dube ni, ke! Mi kike nema ƙasa, allura kika yar?" Sati biyu tana hawaye, muna tafi. Har ta kai akuyar gidanmu ma in sun haɗa ido, akuyar ce ke kau da kai.

Jiya Sarkin Taron Bita ya zo ganin aikinsa da kansa. Ya tsaya gaban Rahma ya tambayi sunanta. Ta tsare shi da ido, ƙyam! Bawan Allah ya ja da baya, ya gyara hula.

"Wagga ɗiyar wa ce marar kunya? Ba a koya mata ladabi gida ba? A sa mata jan maki!"

Na uku ke nan. Yau tana gida, jarrabawa saura kwana tara, kuma wallahi abin ya ci mini rai. Ɗazu ta kawo mini ruwa ta ce, "Baba, in sun mai da ni, ina zan riƙa kallo?"

Ni ma dai ƙasa na kalla.