Layik ɗin Farfesa Ƙamus

A duk unguwar nan babu mai jin Turanci kamar Farfesa Ƙamus. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mai ilimi irin nasa ba ya ƙarya. Babu jami'ar da ta ba shi farfesancin, amma wannan sakacin jami'o'in ne. Ajinsa na manya yana bayan shagon tela, inda ƙarar keken ɗinki kan rufa wa ɗalibai asiri. Kullum sai ya rina ragowar gashinsa, ya kwantar da shi bisa sanƙo, ya tabbatar wa madubi cewa har yanzu da sauransa.

Ran nan darasi ya zo kan kalmar layik.

"Jahili," in ji Farfesa, yana dukan allo, "gani yake layik guda ce. Ina! Akwai layik ta kamanni, wato kamar. Wane layik wane, wane kamar wane ke nan. Akwai kuma layik ta zuciya, wato so. Duk wanda ya kasa bambance su, ya tafi ya sayar da gawayi!"

Mai gawayi kuwa yana zaune a bencin baya.

A bencin gaba kuwa akwai mai kantin magani, wadda Farfesa ya daɗe yana mutuwar sonta a ɓoye. Saboda ita ya koma sayen rini mai tsada. Ya ce ta tashi ta yi jumla da layik. Ta dube shi daga sanƙo har takalmi, ta yi murmushi, ta ce, "Yu a layik mai fada."

Alli ya faɗi daga hannunsa. Ƙaramin malami zai ɗauki jumlar yadda ta zo, amma Farfesa ya tsinka ta gida uku. Yu, kai. A layik, wato ai layik, ina so. Mai fada, babana. Kai nake so, je ka ga babana! Kunya ce kawai ta sa ta haɗiye waƙafi.

Ranar hutu ya ci kwat, ya yi wanka da turare, ya doshi gidansu. Ita ta buɗe ƙofa, ta hau murna.

"Lale, Malam! Baba, fito ka gani, ga shi ya zo da kansa!"

Wani dattijo ya fito daga ɗaki. Sanƙo ne da shi, an kwantar da rinannen gashi a kai. Ga tumbi, ga tabarau a ƙarshen hanci, kuma tun kafin ya gaisa ya fara bayanin yadda ya kamata a buɗe ƙofa. Farfesa ya ji kamar madubinsa ne ya biyo shi.

"Ban gaya maka ba, Baba?" in ji ta. "Na ce malaminmu kamarku ɗaya. Har a aji na faɗa masa da Turanci, don daɗi allinsa ya faɗi."

Farfesa ya kai hannu ya shafa sanƙonsa. Dattijon ya ƙare masa kallo, ya janyo kujerar da ta fi laushi, ya kaɗe ta da hannu.

"Kama kam akwai," ya ce. "Bismilla, zauna nan, Yaya. Da gani ka girme ni."