Ranar da na zuba kafso a madarar suna

Har yau raina ɓaci yake idan na tuna, don a ilimance ban yi ƙarya ba. Lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ne na dawo Gombe daga kwas ɗin aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ina jin babu kamata. A can aka koya mana cewa ƙwayoyin cuta suna miƙa wa juna wani ɗan zobe na gadon halitta, mai sa su shanye sukarin madara, magani kuma ya kasa taɓa su.

Ana gobe sunan ɗana, na tarar da Goggo Dije, ƙanwar babana, tana haɗiyar kafso, maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda ciwon kai. Na ce, "Goggo, wannan ya daina aiki. Ko ƙwayoyin da ke sa madara barci ba zai kashe ba."

Ta ce, "Bokon ne ya gaya maka?"

Zuciya ta ɗebe ni. Tana salati na ɓare kafso na zazzage a duk ƙoren madarar da aka kawo daga ƙauyen Kwadon, na ce gobe ta zo ta ga kindirmo.

Da safe madara tsululu, ga ɗaci. Ashe ƙwayoyin Kwadon ba su je kwas ba. Baƙi suka cika gida, aka dama musu fura da ruwa zalla, Goggo tana bin mata tana cewa, "Ku yi haƙuri, likitanmu ne ya duba nonon."

Usman na raɗa wa yaron, da ragona. Yanzu har ya yi furfura, amma duk unguwarmu ta Malam Inna, Ɗan Kafso ake kiransa, marar kunyar kuma amsawa yake.