Ruwan da Muka Sa a Shafin Garinmu

Jama'a, yau da azahar na yi baƙi, kuma ni na jawo wa kaina. Ina zaune a shagona na buga takardu, ina lallashin firintar nan tawa mai cin takarda, sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya, laka har marfin ƙofa. Wani bawan Allah ya fito da matarsa da 'yarsu. Ya yi sallama, ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, kai ne mai lambar nan? Tun safe muke kira. Ina hanyar ruwan?"

Na duba. Hoton ruwa ne yana zubowa daga kan dutse, fari fat, itatuwa kore shar. Na san hoton sarai. Ni na sa shi.

Bari in koma baya kaɗan. Wata uku da suka wuce, Mai Girma Shugaban Kwamitin Janyo Baƙi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya aiko a kira ni. Wai garinmu zai shiga intanet, masu yawon buɗe ido su san da zamanmu. Na yi murna har raina, don nan aka haife ni. Na zauna na zana tsarin shafin a takarda: sama hoton kasuwa, gefe layin maƙera da na maɗinka, ƙasa taswirar hanya da wurin kwana.

Yallaɓai ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ce, "Ni ina nake?"

Muka sa shi a sama. Ya ce mataimakinsa zai ji ba daɗi, muka sa mataimaki. Sakatare ya leƙo, ya ga da sauran fili. Kafin a tashi, duk wanda ya buɗe shafin sai ya gaisa da fuskoki goma sha ɗaya kafin ya ga garin.

"A cire kasuwar nan," in ji Yallaɓai. "Mutane sun yi yawa a ciki, kuma ba su shirya ba. A sa lambun shaƙatawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lambun ai allo ne kawai, sai awaki."

"Sau uku na buɗe lambun nan da hannuna. Ɗauki allon kusa-kusa."

Na ɗauka. Sai ya ce ya lura duk garin da ya san ciwon kansa a intanet yana da ruwa mai zubowa daga dutse, mu ma a sa mana. Na ce ba mu da shi, dutsen ma ba mu da shi. Ya ce yana cikin tsari, in sa hoton, ruwan zai biyo baya. Da muka zo wurin "Tuntuɓe mu", aka ga bai dace a riƙa damun manya da kira ba. Aka karrama ni, aka sa lambata.

Matata ta ce, "Baban yara, wata rana wani zai yarda fa." Na ce wa zai yarda?

To ga shi a gabana. Malamin makaranta ne, tafiyar awa shida suka yi. Ya yi wa 'yarsa alkawari in ta ci jarrabawa zai kai ta ta ga ruwan, ta kuwa ci. Yarinyar ta riƙe tawul a hannu. Ta ce, "Kawu, da nisa?"

Na ja uban gefe na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya dai tsaya yana kallona, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Maƙwabcina Mai Faci, wanda ba ya ganin magana ta wuce, ya ajiye taya ya matso. "Malam, kar ka koma haka. Bayan tasha akwai bututun da ya fashe, shekara biyu yana feshi. In mutum ya tsuguna ya ɗauki hoto daga ƙasa, wallahi ba laifi."

Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba wasa yake ba.

Na rufe shago na shiga motarsu, na kai su inda na so in sa tun farko. Muka ratsa kasuwar da ba ta shirya ba. A layin maƙera, wani tsohon maƙeri da ke bakin kwana ya ba yarinyar zugazugi ta hura, wuta ta tashi, ta yi tsalle tana ihu. Ya lanƙwasa mata ɗan zobe a gabanta. Uwar ta shige layin maɗinka, da ƙyar aka fito da ita. Da za su tafi uban ya ce, "Da wannan kuka nuna, da mun zo duk da haka, ba tawul." Bai ba ni hannu ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Daga nan ofishin Yallaɓai na wuce, na ce a taimaka a cire ruwan. Ya miƙe tsaye.

"Baƙo ya zo? Da mota? Sakatare, kira taro!"

An yanke shawara biyu. Ruwa yana nan, tunda ya nuna yana aiki. Sannan a ƙara sabon sashe a shafin, "Abin da Baƙi Ke Cewa". Na ce baƙon ya tafi bai rubuta komai ba. Sakatare ya ce ba damuwa, ya zaro takarda daga aljihu, ra'ayin baƙi biyar an riga an tanada.

Yanzu nake buga su. Na ukun ya ce ya yi iyo har ya gaji. Duk wanda ya san baƙo na ukun nan, don Allah ya tambayo mana wurin. Famfon layinmu ya kwana biyu bai ɗiga ba.