Sandar Ɗan Fari

"Gajiya ta bi lafiya, angona. Na ga ka ƙara tsufa ba da izinina ba."

"Zaman jiranki ne. Ina kika baro ladabi, ko shi ma kin jinginar da shi a Birnin Kebbi?"

Da haka Yasira ta gama gaida kakanta, Malam Dogo, ta ajiye jaka a kan tabarmar zaure, ta ɗauke masa mafici ba tare da ta tambaya ba. Bayan la'asar ne, zafin Yelwa bai sauka ba, kuma warin sabuwar albasa da ake saukewa a bakin kasuwa yana shigowa har cikin unguwa.

Malam Dogo tsohon malamin gona ne. Da ya yi ritaya, manoman albasa na bakin ruwa suka naɗa shi sakataren ƙungiyarsu, bisa hujjar cewa shi kaɗai ne ba ya gyangyaɗi a taro. Bana wata ƙungiyar agaji ta yi musu alkawarin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, guda ɗaya, za a ba wanda gonarsa ta fi ba da albasa gwargwadon faɗinta. Gobe baƙin za su zo. Sun aiko cewa ba sa son dogon jawabi, a nuna musu a dashbod, wato allo ɗaya a kwamfuta wanda mutum zai kalla ya gane wa ke gaba wa ke baya. Sunan da suka gani a sama shi za su rubuta su tafi.

Irin aikin da Yasira ke yi ke nan a wani shirin kiwon lafiya, don haka tun kaka take koya wa tsohon ta waya. Yau ta zo duba aikin ɗalibinta.

Ya buɗe kwamfutar a hankali, ya juya mata ita. Da'ira ce babba ta cika allon, an yayyanka ta siri-siri kamar kankana ɗaya da aka raba wa unguwa guda. Kowane yanki da launinsa, akwai ja iri uku da kore iri huɗu. Sunayen manoman suna can gefe cikin haruffan da sai an sa tabarau biyu. A kusurwa ya liƙa hoton albasa, don kada baƙi su ɗauka maganar doya ake yi.

Yasira ta daɗe tana kallo. Daga nan ta tambaye shi ko wannan ce atamfar lefen da yake mata alkawari tun tana rarrafe, domin in ita ce, ta yafe. Ya ce mata macen da ba ta san ado ba dama haka take magana, kuma akwai 'yan mata a Ngaski da suke layi don su ga wannan da'irar. Ta ce lallai layin asibitin ido ne.

Ta tuna masa darasin farko: da'ira ta abu uku ce ko huɗu, in mutane sun yi yawa sanduna ake jerawa, doguwa a sama, gajera a ƙasa. Ya ce bai manta ba. Shi dai ya ga da'ira ta fi mutunci, kowa ya zauna a kewaye kamar a bakin tire, ba wanda ya hau kan wani.

"Mutumen da ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna gonakin mutane da igiya, yau shi ke tsoron a ga tsawo?"

Ya bi hannunta da ido lokacin da ta jawo linzamin kwamfutar, irin kallon da yaro ke yi wa mai allura. Gaskiyar magana, Malam Dogo ya fahimci darasin fiye da yadda malamarsa ta zata. Duk abin da ta ce masa yana ɓoye bayani, ya riƙe shi da kyau, kuma shi ya tattara ya zuba a allo ɗaya.

Ta taɓa nan ta taɓa can, kankanar ta watse ta koma sanduna. Ta sa su jeru. Sai wata doguwa ta tsallake kowa ta hau sama, ta bar ta Alhaji Faruk, babban manomin ƙungiyar, a bayanta da tazara mai kyau. Kowace sanda da sunan mai ita a gefe. Ta saman kuwa an rubuta mata: Wani.

"Wane ne Wani?"

"Wani bawan Allah ne."

"Ɗan ina?"

"Nan kusa."

"Yana da iyali?"

"Shina da wata ɗiya mara kunya. Sauran dai lafiya lau."

Yasira ta buɗe jadawalin da ke bayan allon, ta duba inda gonar take. Ta gangaren tsamiya ce, inda ta sha kai abinci tana 'yar firamare. Gonar babanta ce, Surajo, ɗan farin Malam Dogo.

Tun ranar da liman ya raɗa wannan sunan, bai taɓa fitowa daga bakin Malam Dogo ba. A gabansa "kai" yake ce masa, a bayansa "wancan". Sa'ad da aka kwantar da yaron a asibiti yana ƙarami, uban ya wuni a bakin ƙofa yana gaya wa masu wucewa iska yake sha. Haka ya ga nasa uban ya yi masa, kuma bai ga abin da ya rage shi da shi ba. Yanzu ma ya san injin fetur ɗin Surajo ya kusa gamawa, sai an yi ta ja ana lallashi kafin ya tashi. Ba tambaya ya yi ba. Hanya ce kawai take yawan biyo da shi ta gangaren tsamiya, ko da kuwa masallaci za shi.

Mako guda ke nan yana zaune gaban wannan layin. Ya kasa barin sunan, ya kasa share sandar. Da ya gano cewa a cikin da'ira ba mai iya bambanta babban yanki da mai bi masa, sai ya ji kamar an sauke masa kaya, ko da yake bai yi barcin kirki ba tun daga ranar.

Yasira ta gaya masa abin da ya riga ya sani. Baƙi ba za su rubuta Wani a takarda ba. Za su sauko layi na biyu, injin ya tafi gonar Alhaji Faruk, wanda yake da inji biyu a ajiye. Ta ƙara da cewa ita ta gane, hassada ce, domin duk gari an san albasar Malam Dogo ba ta taɓa wuce girman gurjiya ba.

Nan ya gyara zama. Ya ce a zamaninsa ya taɓa noma albasa ɗaya da sai da mutum biyu suka ɗora ta a kwalekwale, kwalekwalen ya karkata, kuma ranar da aka yanka ta a Yelwa har mutanen Wara sai da suka yi hawaye. Ta ce za ta so ta zana masa sandar ƙaryarsa, sai dai allon ba zai ɗauka ba, sai an haɗa da bangon maƙwabta. Ya ce ya sake ta. Ta ce wannan shi ne saki na wajen ɗari, kuma har yau ba ta ga wadda ta yarda ta maye gurbinta ba.

Wani ɗan acaɓa ya wuce da buhu biyu a baya, ƙarar ta cika zauren ta fita.

Ya ce mutane za su ce sakatare ya rubuta ɗansa. Ta ce kwamiti ne ya auna buhunan a gona, shi ko wurin bai je ba, kuma kowa ya san dalilin da ya sa ranar ciwon ƙafa ya kama shi. Ya sosa gemu. Da ya sake magana, muryar ta sauka.

"To ki ce in miƙe gaban jama'a, da furfurata, in kira shi?"

"Wa ya ce ka kira? In allo ya yi kyau, mai shi shiru yake yi. Kai dai ka kunna majigi ka koma gefe."

Ta fara aiki, tana yi tana faɗa masa dalili kamar yadda ta saba a waya. Ta cire hoton albasa, ta ce manoman albasa sun san kamanninta. Ta mayar da duk sandunan ruwan toka, ta bar ta saman ita kaɗai kore, don ido ya fara sauka inda ake so ya sauka. Ta kawo adadin buhu ta ajiye a bakin kowace sanda, yadda ba sai an yi ta neman sa a gefe ba. A can sama ta rubuta layi ɗaya mai cewa ga gonar da ta fi ba da albasa bana. Ya so ya yi gardama a kan koren, ya ce ya yi kama da rawanin angon ƙauye, amma ya ga da gaske idonsa can yake zuwa ko bai aike shi ba.

Saura suna. Ta ɗora yatsa a kan harafin farko ta dube shi. A daidai lokacin Malam Dogo ya gano wata tsaka a jikin rufin zaure, wadda da alama ta daɗe tana buƙatar a sa mata ido. Ya ɗaga kai ya dage da kallonta. Yana jin ƙarar maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Ni kowace takarda sunan nan nake rubutawa a bayan nawa," in ji ta, "kuma ga ni da raina."

"Ban ga komi ba."

"Na sani. Tashi ka tsaya bakin ƙofa, kamar kai ne na ƙarshen layi a taro. In ka gane cikin kallo ɗaya, aiki ya yi."

Ya ce ba a aiken miji. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya taka har bakin ƙofa, ya juyo. Daga can sandunan toka sun zama kamar matakala, koren yana bisa kansu, ga sunan a gefensa. Ya sha ganin sunan a katin makaranta da takardar asibiti, kullum yana kawar da kai da wuri. Bai taɓa ganin sa a saman na kowa ba. Ya tsaya fiye da kallo ɗaya.

"Haruffan sun yi ƙanana," ya ce.

"Na duka?"

"Na saman. Alhaji Faruk idonsa ba shi da kyau, kada ya ce ba a nuna mai ba."

Ta ƙara girmansu, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ya ce mi ne ne abin dariya a taimakon mai ciwon ido. Ta tambaye shi ko ya isa haka, ko ta sa masa fitila mai walƙiya irin ta motar amarya. Nan dariyar ta ƙwace masa, ya riƙe ƙyauren yana tari.

Ya ce ta ci, ya janye sakin, ya mayar da ita ɗakinta. Ya ce ta shiga ciki, akwai bandar giwan ruwa da aka aiko masa daga Wara, tana cikin kwandon da ya gaya wa kowa babu komai a ciki, ta ɗauka duka.

Ta miƙe tana gyara mayafi. Shi kuwa bai bar bakin ƙofar ba.

"Kafin ki tahi," ya ce, "ƙara mai girman haruffan kaɗan."