Gishiri a Gindin Katangar Baba Sidi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da abin da na yi wa katangar maƙwabcina Baba Sidi, da abin da na bari aka yi wa Ilyasu magini a kanta.

Ni karatuna bai yi nisa ba. A kolej na tsaya, na bi manyan motocin da ke shiga hamada ina ɗaura kaya ina dafa shayi. A can na kamu da son radiyon magana, irin wadda ake kiran mutum da ita a inda salula ba ta kamawa. Da na bar hanya na buɗe ƴar rumfar gyaran fanka a unguwar Dagmanet, sai na sayi wata tsohuwar radiyo, na yi ta zirga-zirga har na samu takardar izini, na shiga sahun masu yin abin don sha'awa kawai. (Matata Rakiya tana cewa wannan cuta ce. Ban taɓa musa mata ba, ban kuma nemi magani ba.)

Ina da aboki a can garin Tabelot, Agali, manomin albasa, shi ma mai irin cutar. Muka ƙulla cewa sai mun ji muryar juna a dogon zango, wanda kowa ke gudu saboda wahalarsa. Dogon zango yana son antan, wato eriya, mai tsawo ƙwarai, gidana kuwa bai fi a shanya wanki ba. Sai na kafa sanda a kan soro, na ja waya sama na karkato da ita, na naɗa wata wayar a jikin tiyon roba don ta cike tsawon da na rasa. Akwai ƴar na'ura mai allura da ake sawa tsakanin radiyo da antan. In allurar ta kwanta, muryarka tana fita duniya. In ta miƙe, ƙarfin yana komowa cikin radiyon ne yana neman ƙona ta. Daidaita antan ba komai ba ne illa lallashin wannan allura.

Tawa ta ƙi lallasuwa. Na rage waya, na ƙara waya, na matsar da maƙalin naɗin sama da ƙasa har yatsuna suka yi kanta. Tana nan a miƙe tana kallona. Na kira Agali ta salula (e, na sani, mai salula a aljihu yana wahalar neman a ji shi ta radiyo, Rakiya ta riga ku faɗa). Ya ce matsalar ba a sama take ba, a ƙasa take. Irin wannan antan sai da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa mai laima. Shi nasa a bakin kwalbatin lambu yake, ni kuwa ƙasar gidana ta bushe kamar tsohon burodi. Ya ce in zuba gishiri a gindin ƙarfen, in riƙa ba shi ruwa.

Rakiya ta ce ba wanda zai kafa mata ƙarfe a tsakar gida yara su yi tuntuɓe. Sai na kai shi lungu, na buga shi daidai gindin katangar da ke tsakaninmu da Baba Sidi. Katangar ƙasa ce, tasa ce, kuma bai daɗe da sa Ilyasu ya yaɓe ta ba. Na sayo kantun gishirin Bilma, na awaki, na farfasa, na jiƙa a bokiti, na kwarara.

Allura ta sauko kaɗan. Washegari na ƙara, ta ƙara saukowa. Daga nan na zama mai ban ruwa. Kowace safiya bayan na dawo daga masallaci sai in tsuguna a lungu da bokitina, kamar mai renon dabino. Har ranar da na ji muryar Agali tana fitowa cikin shuuu ɗin radiyo, yana tambayata ko ina jin sa. Na yi tsalle na rungume Rakiya, ta ce in sake ta koko zai ƙone.

Ba a jima ba Baba Sidi ya tare ni a ƙofar gida. Dattijo ne, baduku, mai sanyin magana, shi ya yi mini walicci lokacin aurena don mahaifina ya rasu. Ya ce in zo in ga abin mamaki. Muka shiga gidansa. Gindin katangar ta ɓangarensa ya yi duhu, ya yi wani farin gari a sama, yaɓen yana zubowa. Ragon da yake kiwo kuma ya kafa kai a wurin yana lasa, ko dusa ba ya kallo. Baba Sidi ya ce ba a yi ruwan sama ba, babu famfo a nan, to daga ina laima?

A nan ya kamata in buɗe baki. Na buɗe kuwa. Na dafa katangar, na girgiza kai kamar injiniya, na ce, "Baba, anya ƙasar da aka yi yaɓen nan da ita mai kyau ce?"

Wallahi ban ambaci sunan Ilyasu ba. Wannan shi ne abin da na riƙa faɗa wa kaina. Amma wa ya yi yaɓen? Kafin la'asar an kira shi. Ina cikin gidana ina jin su ta kan katanga. Baba Sidi bai ɗaga murya ba, ya ce kawai bai zaci ɗan amininsa zai kawo masa ƙasar juji ba. Ilyasu ya rantse cewa daga ramin da kowa ke ɗiba ya ɗebo. Ya sake yaɓe wurin. Ni kuma da safe na sake ba ƙarfen ruwa.

Na san abin da za ku ce. Ni ma na ce. Kullum sai in yi niyyar dainawa, sai in tuna da zarar ƙasar ta bushe allura za ta miƙe, Agali zai ɓace. Sai in ce bari na yau kawai, rabin bokiti. Sabon yaɓen ya zube. Magana ta zaga unguwa cewa hannun Ilyasu ya lalace. Wata Hajiya da ta yi masa alkawarin ginin ɗaki ta fasa, ta kira wani. Na ga Ilyasu zaune a bakin hanya da cebur ɗinsa a gefe, ba aiki, na gaishe shi da fara'a har da tambayar iyali. Rakiya, wadda ta san komai, ta daina yi mini magana sai ta bakin yara. Ta ce a gaya wa babansu ita ba za ta tona shi ba, amma kuma ba za ta ɗebo masa ruwa ba.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. Na fito da gajeren wando da singileti, na tsuguna a lungu, bokiti a hannu, ragowar kantu a gefena. Ina cikin kwararawa har da ɗan waƙe-waƙena, sai na ji wani guf daga ɗaya ɓangaren. Ƙasa ta motsa. Aka sake guf. Sai gindin katangar ya burme, ƙura ta tashi, kan rago ya ɓullo daidai fuskata. Ya dube ni, ya dubi bokitin, ya tsoma baki ya fara sha.

Da rago ne kaɗai da na rufe da buhu na yi shiru (kada ku yi mini kyakkyawan zato). Amma aka ja shi baya da ƙafafu, sai fuskoki biyu suka maye gurbinsa a ramin. Baba Sidi ne ya kira Ilyasu da sassafe don ya nuna masa ɓarnar a karo na ƙarshe kafin ya kai maganar gun mai unguwa. Ga su a durƙushe suna kallona, ga ni a tsugune ina kallon su, ruwan gishiri na bi ta tsakanin ƙafafuna yana shiga gidansu.

Kun san me na ce? Na ce, "Ina kwana, Baba."

Ya amsa. Ya tambayi kwanan iyali. Sannan ya miƙo hannu ta ramin, ya ɗauki ɗan gutsuren kantu, ya juya shi, ya ce, "Ɗana, wannan ce ƙasar da ka ce ba ta da kyau?"

Ilyasu ya ɗauke kai daga ramin. Ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa. Na ji Rakiya a bayana tana rufe ƙofar ɗaki a hankali, sannan na ji ta fashe da dariya a ciki.

Baba Sidi bai zage ni ba, na so a ce ya zaga. Ya ce katanga ƙasa ce, za ta tashi. Sunan Ilyasu ne ya faɗi, kuma wanda ya kayar da shi, shi ne zai ɗaga shi. Bayan sallar Juma'a ya tsayar da mutanen unguwa a ƙofar gidansa, ya ce ɗansa mai radiyo yana da jawabi. Na tsaya na yi bayanin antan, da allura, da dogon zango, ina ta kewaye-kewaye, har wani tsoho ya katse ni ya ce shi bai gane ba, wa ya jiƙa katangar? Na ce ni ne. Ya ce wa aka zarga? Na ce Ilyasu. Ya ce to yanzu ya gane. Daga nan Baba Sidi ya raka ni da kansa har gidan Hajiya, na sake maimaitawa daga bakin zaure, ita da ƴaƴanta suna ciki suna ƙyaƙyata.

Ilyasu aka ba gyaran, ni ne lebura. Na tattake laka da ƙafafuna, na ɗauki kwano a ka, masu wucewa suna tsayawa su tambaye ni ko Tabelot tana kamawa. Shi kuwa duk kwanon da na miƙa masa sai ya taɓa da yatsa ya kai baki, ya ce, "Bari in ɗanɗana, maigida, ko ka yi mata miya." Sai da muka kai ƙarshen aikin ya yarda ya sha shayin da na dafa, ya ce ya yafe, amma in na ƙara kusantar gininsa da ruwa, ko na alwala ne, shi da ni ne. Hajiya ta mayar masa da aikin ɗakinta.

Na cire ƙarfen. Na shimfiɗa wayoyi a kan soro a madadinsa, allura ta kwanta rabi, Agali yana ji na kamar mai magana daga cikin rijiya. Hakan ma na gode.

Abin da na koya dai ba mai zurfi ba ne. In ana yi wa wani faɗa a kan abin da kai ka aikata, ka tsallaka ka faɗi gaskiya tun a ranar, kana tsaye da rigarka a jiki. Kunyar ba ta fasa zuwa, jira kawai take yi har ta same ka a tsugune cikin gajeren wando.