Rasuwar Ɗan Dargaza, Bakan Gidan Sharu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Ramalan maharbi na Fammar yake sanar da 'yan'uwa da abokan farauta na Kibiya da Rano rasuwar bakansa, Ɗan Dargaza. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, ana shirin fita farautar barewa.

Marigayin ya girmi mai shi. Baba Sharu, kawun Ramalan, shi ya sassaƙa shi da itacen dargaza tun yana saurayi. Da idanunsa suka mutu sai ya damƙa wa Ramalan amanarsa da sharaɗi biyu: a sassauta tsirkiya in an dawo daga daji, a kuma riƙa shafa masa man shanu. Man ma tsohon ke aikowa duk Juma'a, daga wurin Fulanin bayan gari.

Ɗan Dargaza bai taɓa neman albarushi ba, bai taɓa tashin unguwa da ƙara ba. Duk maganarsa ita ce "tsuuu", sai a ga nama a tukunya.

Jinyarsa ta fara ne shekarar da Ramalan ya samu bindigar toka. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka. Aka rataye dattijo a ɗakin ajiya da tsirkiyarsa a ɗaure tamau, damina ta jiƙa shi, rani ya busar da shi. Man shanun Juma'a kuwa bai taɓa fashin zuwa ba, sai dai hanyarsa ta karkata zuwa tuwon Ramalan. Ranar Talata bindiga ta ƙi tashi, aka tuna da tsohon masoyi. Ramalan ya kakkaɓe masa yanar gizo, ya ɗana kibiya, ya ja. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙas".

Ya rasu ya bar tsirkiya, wadda ta shiga takaba, da kwari, da kibau marayu, da kuma Ramalan, wanda tun ran nan yake ture kwanon tuwo gefe. Ya san ba tsufa ya kashe bakan ba.

Za a yi jana'iza gobe bayan La'asar a gindin tsamiyar bayan gida. Hansatu uwargidan Ramalan ta nemi a ba ta gawar ta hura wuta, an hana ta. Ana roƙon masu ta'aziyya su shigo ta ƙofar baya, su kuma sassauta murya in sun zo daidai ɗakin Baba Sharu, domin har yanzu Ramalan bai samu bakin faɗa masa ba. Kada kowa ya wahalar da kansa da kawo abin da za a shafa wa mamaci. Yau da safe tsohon ya aiko da man wannan mako, ya ce a shafa sosai, tunda ya ji za a fita da shi daji.